Na Kai Jini Damagaram, Aka Ce Ni Ma Nema Nake

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. Duk wadda ta shigo shagona a Gyadi-Gyadi, kafin ta ajiye atamfar da ta kawo ɗinki sai ta ce, "Maman Ummi, wai da gaske ne abin da muke ji?" In na fara ba da labari sai keke ya tsaya, aiki ya kwanta, wata kuma ta faɗo ta ce a koma farko. Ga shi labarin ya fara yin rassa. Jiya wata ma'aikaciyar jinya da nake ɗinka wa fararen kaya ta ce ta ji wai suma na yi a asibitin Nijar, sai da aka kira ƙarti suka ɗaga ni. Ban suma ba. Zama na yi a ƙasa, kuma da kaina na tashi. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in koma kan kekena.

Ga wanda bai san ni ba, ni mace ce mai jiki. Ba na ɓoyewa, ba ma yadda za a yi in ɓoye. Gado ne. Innarmu da ke Tarauni in ta shiga adaidaita sahu, ita kaɗai ce fasinja a baya. Ni na ɗauko ta, 'yata Ummi kuma ta ɗauko ni, tana aji shida na firamare amma kumatunta kamar an hura. A gidanmu wannan abin alfahari ne. Inna takan ja kumatun Ummi ta ce, "Ka ga jini! Ka ga lafiya!" Maigidana kuwa, Malam, wanda ke koyar da lissafi a wata sakandare, Allah ya yi shi siriri. In ya tsaya a bayan ƙyauren ɗaki sai an yi cigiyarsa. Tun da muka yi aure Inna take tuhumata da cewa ba na ba shi abinci, shi kuma take tuhumarsa da cewa ba shi da jini.

Wata Asabar, Isuhu mijin ƙanwata Zulai ya kira daga Damagaram. Zulai ta daɗe tana fama da ƙari a mahaifa, tana zubar da jini, har likitoci suka ce sai an yi mata aiki. Amma ba za su taɓa ta ba sai dangi sun kawo masu ba da jini. Wani maƙwabcinsu ya bayar, ana neman wani kuma. Shi Isuhu bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, an ƙi karɓar nasa. Yana ajiye waya na ɗauki mayafina, don mu biyu kaɗai Inna ta haifa.

Muka taru a Tarauni. Inna ta share hawaye da bakin mayafi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Me ake nema da nisa? Ga 'yar nan. A ɗebi jarka guda ma ba za ta san an ɗiba ba."

Ba zan yi ƙarya ba, kaina ya kumbura. Malam ya ce shi ma zai iya gwadawa. Inna ta ce, "Kai dai ka raka ta ka riƙe jaka. Kada a je a zuƙe ka, a bar mu da riga."

Wata kwastomata mai aiki a asibitin koyarwa ta ce in fara gwada jinina a nan kafin in kama hanya. Na ce mata ta sake dubana da kyau. Inna ta dafa zoɓo mai kauri, ta ɗaure a ledoji ta daskarar, ta cika min kula, wai in riƙa sha a hanya jini ya ƙara cika. Ummi tana hutun makaranta, ta yi ta kuka sai ta je ta ga Anti Zulai, muka tafi da ita.

A tasha direban ya tsaya yana kallonmu kamar mai lissafin buhuna. Ya ce, "Hajiya, ke gaba. Yarinya ta zauna baya ta wancan gefen, mota ta daidaita. Malam, kai ko'ina ma ka shiga." Aka cusa Malam tsakanin wani ɗan kasuwa da wata tsohuwa mai sayar da turaren wuta, 'yar Matamai. Ba mu kai Kazaure ba tsohuwar ta gama binciken gidanmu kaf. Da ta ji abin da zai kai ni, ta dafa kafaɗata ta baya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Irinku ake so. Mijinki ya iya kiwo." Sai ta juya ta dubi Malam ta ce, "Kai kuma wa yake cinye maka naka?"

Malam ya ce, "Iya, tambayi kujerar gaba."

Ni dai ina ta aikina. Aikin kuwa shi ne taunar ƙanƙara. Na daɗe da wannan ɗabi'a, in ban ji ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a haƙorina ba sai in ji kamar na yi mantuwa. Ummi ma ta koya. Ina gaba ina ƙaras, tana baya tana ƙaras, har direba ya rage rediyo ya kasa kunne, yana zaton wani abu ne ya kwance a ƙarƙashin mota.

A Daura muka tsaya salla da cin abinci. Ni da Ummi muka nufi mai shayi, aka haɗa mana mai kauri da burodi. Malam ya ɓace, sai ga shi da kwaɗon zogale a leda da 'yar hanta gasasshiya a takarda. Haka yake ko a gida. Mu mu ci taliya da lemon kwalba, shi ya aika a sayo masa ɗanwake ko alala, ko ya sa a dafa masa ganye. Na ce, "Malam, a bainar jama'a ma sai ka ci abincin awaki?" Ya ce akuya ba ta taɓa haki don ta hau matakala ba. Na gane inda ya dosa, don da muka hau 'yan matakalan masallacin sai da na tsaya na riƙe bango. Na share shi. Duk mai jiki ai yana haki, haka na ɗauka.

Iyaka ita ce inda abin ya fara lalacewa. A ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka aka ce kowa ya sauko da katinsa. Wani jami'i dogo, baƙi, mai fara'a, ya karɓi na Malam ya ce, "Wane aiki kake yi?"

"Malamin makaranta ne ni."

"A'a! Ashe Mushe ne! Sannu Mushe. Ku ba Mushe kujera ya zauna."

Na ga fuskar Malam ta canja. Ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, na san ni siriri ne, amma da raina."

Tsohuwa mai turare ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ita ta fahimtar da shi cewa a can Mushe girmamawa ce, haka ake kiran malamin makaranta, ba dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Malam ya zauna a kujerar, amma a ɗofane, bai gama yarda ba.

Aka zo kaina. Jami'in ya ce, "Madam, me za ki yi a Damagaram?"

Na buga ƙirji na ce, "Jini na kawo wa ƙanwata."

Fara'ar ta ɗauke. Ya dubi kular da ke hannun Ummi ya ce a buɗe. Ummi ta buɗe. Ga ledoji jajawur, sun fara narkewa, wata ma ta fashe ta yi ja-ja a gindin kula. Mutumin nan ya ja da baya, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira da Faransanci. Kafin in ce wani abu mutum uku sun kewaye kular, ɗaya har ya sa safar hannu. Ina ta cewa zoɓo ne, su kuma ba su san shi da wannan sunan ba ko kuwa ruɗewa ce ta hana su ji, oho. Ummi ce ta raba gardama. Ta ga ana ɓata mata lokaci, ta zari leda ɗaya ta huda da haƙori ta hau tsotsa. Sai mai safar ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "Bisab ne!" Ashe sunan da wasunsu ke kiran zoɓo ke nan. Aka yi ta dariya, muka raba musu, suka sha suka yaba da hannun Inna. Dogon ya ce, "To Madam, ina jinin?" Na nuna jikina. Ya jinjina kai ya ce lallai na yi guzuri.

Daga nan hanya ta miƙe. A Matamai tsohuwar ta sauka, ta ba ni ɗan ƙullin turare, ta ce wa Malam, "Sai wata rana, Mushe." Abin da ya fara ba ni mamaki da muka shiga Damagaram shi ne mata a kan babur. Ba goya su aka yi ba, su ke tuƙi, da hijabinsu da jakarsu, wata har da yaro a gaba. Na ce wa Malam in mun koma sai ya saya min. Ya ce sai dai a nemi mai ƙafa huɗu.

A gidan su Isuhu aka sauke mu, wajen mahaifiyarsa, wata Hajiya 'yar firit mai zafin nama, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Hausarsu Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su ce likita, wuta su ce kuran, waya su ce salula. Da Hajiya ta ce gobe da safe za a kai ni likita, na ce wane likitan, mace ko namiji? Ta ce, "Likita dai, babba, mai bene." Na kwana ina tunanin wane irin mutum ne wannan.

Aka ba ni wata kujera ta ƙarfe da aka saƙa da igiyar roba, irin wadda suke zama a tsakar gida. Zama ya yi daɗi. Tashi ne ya zama aiki, don da aka kira magariba na miƙe, kujerar ta miƙe tare da ni. Ummi ta ja ta baya, Hajiya ta riƙe ni ta gaba, Malam kuma ya juya yana kallon katanga, kafaɗunsa suna rawa.

Abincin dare dambu ne da zogale, an zuba mai da yaji, ga kuma fura mai kauri. Malam ya ji kamar an kai shi gidan kakarsa, ya ci ya ƙara. Ni na ɗan taɓa don kunya, na koma kan burodin da muka taho da shi. Burodinsu ban iya da shi ba, dogo ne kamar rake, ɓawonsa kuma sai ka yi da gaske. Shayinsu ma wani abu ne. Maza su zauna su tasa 'yar buta a gaba kamar masu jinyarta, a daɗe ana juyawa daga kofi zuwa kofi, a ƙarshe a miƙo maka abin da bai fi cikin cokali uku ba, ga ɗaci. Na ce wa Isuhu a Kano wannan ko ɗanɗanon gishiri bai kai ba. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Hankalinsa yana asibiti.

Da safe muka je. Na ga Zulai a kwance. Ƙanwata da muke rigimar zani da ita ta yi fari fat, leɓɓanta kamar an shafa toka. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, kin zo?" Na ce, "Na zo, kuma da kaya na zo. Ki kwantar da hankalinki, yau sai kin ce ya isa." Ta yi 'yar dariya, ta rufe ido.

Wurin ba da jini yana sama. Kafin in gama hawa benen nan na tsaya hutawa, ina jin zuciyata a cikin kunnena. Malam yana biye da jaka. Muka tarar da wata ma'aikaciya, kowa Madam yake ce mata, mace mai gilashi da ba ta da gaggawa. Na zauna na naɗe hannun riga tun ba a ce ba. Na ce, "Madam, ki ɗebi biyu. In akwai wani mara lafiyar ma a haɗa da shi."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Bari mu gani tukuna."

Ta soki ɗan yatsana, ta ɗiga a wani ɗan abu, ta sa a na'ura. Ta duba. Ta cire gilashi ta goge ta sake dubawa. Ta kama wani yatsan ta sake sokawa. Sannan ta jawo fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta ce, "Madam, kina jiri?"

"Wani lokaci. Zafin Kano ne."

"Haki fa?"

"Ai kin ga jikin."

"Al'adarki tana yawa?"

Na dubi Malam, ya fita da kansa. Na ce tana yi.

Ta ajiye hannuna a hankali ta ce, "Ba zan ɗauki jininki ba. Naki ma bai ishe ki ba. Da a ce yau za a yi miki aiki, ke ma sai an nemo miki."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce na'urar ce ba ta san 'yan Najeriya ba. Ta yi dariya ta ce ƙiba daban, jini daban. Wai tana ganin irina da yawa, mace ta cika kujera amma jininta ya tsinke, saboda abin da ke tara jiki ba shi ne ke gina jini ba. Burodi, taliya da kayan zaƙi suna ƙara nauyi, amma abin da jini ke so yana cikin hanta, nama, wake da ganye. Ta ce wani lokaci ma jiki mai nauyi ko an ci abin kirkin ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata, shayi a kan abinci kuma yana ƙara tare hanya.

Tana cikin magana sai ga ƙaras-ƙaras daga bakin ƙofa. Ummi ce, ta samo ƙanƙara wajen mai sayar da ruwa a ƙasa. Madam ta leƙa ta saman gilashi ta ce, "Wannan taki ce? Kullum take cin wannan?"

Na ce, "Ni ta gado. Tare muke ci."

Ta ce, "Zo nan, 'yan mata." Ta duba idonta, ta duba farcenta, ta tambaye ta ko tana barci a aji. Ummi ta ce kullum, har malaminsu ya sa mata suna. Ta tambaye ta ko tana wasan guje-guje. Ta ce a'a, kanta ne ke juyawa. Madam ta nemi izinina ta soki yatsanta. Ban bar kallon fuskar matar nan ba har ta ɗago.

Ta ce, "Ita ma haka. Kwaɗayin ƙanƙarar nan sau da yawa alama ce. Tukunya ɗaya kuke ci, ai dole ku yi kama har a jini. Kada ki tsorata, abu ne mai magani. Amma in kun koma ku je a yi muku cikakken gwaji, a san dalili, kada ku sayi magani da ka."

A nan ne na zauna a ƙasa. Ba suma ba ce, ina sake faɗa. Ina kallon kumatun Ummi da muke taƙama da su, ina tuna Zulai a ƙasa tana jiran kayan da na ce na kawo. Na yi tafiyar nan duka, na sha zoɓo har harshena ya rine, ga shi ba ni da abin da zan ba 'yar'uwata. Hawaye suka zubo min.

Sai na ji muryar Malam daga ƙofa. "Madam, a gwada nawa."

Ta dube shi, ta ce sai ya fara hawa sikeli, don akwai nauyin da in mutum bai kai ba ba a ɗauka. Malam ya hau da babbar riga, da jakata a kafaɗa. Ta ce ya ajiye jakar. Ya ajiye. Ta ce ya cire rigar. Da ya cire sai da ta yi ƙara a ƙasa, ashe ya zuba makullai, wayoyi da kwalbar ruwa a aljihu. Ya tsaya daga shi sai 'yar shara, ya ja numfashi ya riƙe, wai ko iska za ta ƙara masa. Allurar sikeli ta yi rawa ta yi rawa, ta tsaya ɗan sama da inda ake so. Aka soki yatsansa. Madam ta duba ta ce, "Mushe, jininka ya fi na kowa a ɗakin nan, har da ni."

Wannan karon bai yi fushi da sunan ba.

Abin da ban sani ba duk zamanmu shi ne Malam yana tsoron allura. Da ya ga girmanta ya fara karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Ya ce in riƙe masa hannu. Na riƙe, ina kallon ledar tana cika da jini mai duhu, mai kyau, daga jikin mutumin da aka ce ya zo riƙon jaka. Da aka gama aka ba shi madara da kifin gwangwani. Ya ci a gabana, a hankali, yana lumshe ido.

Washegari da hantsi aka shiga da Zulai. Muka zauna a baranda, Hajiya tana jan carbi, Isuhu ya kasa zama, ya je ya dawo. Ba wanda ya yi wasa a wannan zaman. Da azahar ta gota likita ya fito ya ce an cire ƙarin, an ƙara mata jini, tana lafiya. Isuhu ya durƙusa a wurin ya yi sujada, ya tashi ya rungume Malam har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Da Zulai ta farfaɗo sosai aka ba ta labari. Kun san wasan da ke tsakanin miji da ƙanwar mata. Ta dube shi ta ce, "Yanzu jinin wannan ne a jikina? Shi ya sa tun da na farka nake jin rowa." Malam ya ce ta yi a hankali, in ta cika baki zai aiko a karɓo masa abinsa. Ta yi dariya har ɗinkin ya yi mata zafi, aka kore mu daga ɗakin.

Muka yi 'yan kwanaki har ta fara takawa. A kwanakin nan na ci zogale fiye da wanda na ci tun da aka haife ni, don Hajiya ta ɗauki abin da zafi, da na ɗaga kai sai ta turo kwano. A dawowa Malam ya ce wa direba shi mai ba da jini ne, likita ya ce kada a matse shi. Shi ya zauna gaba. Ni aka cusa a baya da Ummi, muna tafe mota tana ɗan karkata.

A Kano muka je aka yi mana gwajin da Madam ta ce. Maganarta ta tabbata. Aka ba mu magani, ni aka haɗa ni da likitar mata, aka ce mu raba shayi da abinci, mu rage zaƙi, mu riƙa tafiya da ƙafa. Yanzu da yamma ni da Ummi mukan taka daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, masu adaidaita suna bin mu da hon suna cewa, "Hajiya, lafiya?" Tukunyar gida ta koma irin ta Malam, shi kuma ya zama abin da ya zama. Ko gishiri ya yi yawa sai ya dafa hannun da aka soka ya ce a tausaya wa mai ba da jini. Ƙanƙara kuwa da kanta ta fita daga raina, ita ma Ummi haka. Makon jiya malaminsu ya aiko a kira ni, wai ta dame su da surutu, ta kuma tsere wa maza a filin wasa tana yi musu gwalo. Na ce ya ƙara faɗa min, ina jin daɗin labarin. Ya tsaya yana kallona.

Saura Inna. Ita fa ba ta yarda ba. Ta ce na'urar Faransa ce, ba ta saba da jikin Kanawa ba. Da aka ce ta nan ma haka ta nuna, ta ce to ni da Ummi mun lalata namu da taliya, amma nata jinin na mutanen da ne, ba a gwada shi. Likitar ta ce lallai in kawo ta, tunda jikinmu ɗaya. Na rasa dabara, sai na ce mata Ummi ce za a sake sokawa, kuma ta rantse ba za ta miƙa hannu ba sai kakarta ta fara. Ummi ta iya wasan, har da matso hawaye. Inna ta yafa mayafi tana faɗa, ta ce don jikarta kawai.

Aka ɗebi nata. Da sakamako ya fito likitar ta ce, "Inna, ke jininki bai yi ƙasa ba."

Inna ta juyo ta dube ni, ta dubi Malam, ta gyara zama.

Likitar ta ce, "Sai dai sukari ya yi yawa a cikinsa, kuma ya daɗe a haka. Allah ya sa kin zo yanzu. Daga yau za ki fara magani, kuma ba ke ba lemon kwalba, ba ke ba sukari a koko."

Ni nan take na fara tambayar abin da za ta ci da abin da za ta bari. Inna kuwa ko a jikinta. Ta karɓi maganin ta cusa a jaka, ta miƙe da ƙyar, ta dafa kan Ummi. Sai da muka fito baranda, inda mutane suka cika benci suna jiran layi, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kun dai ji da kunnenku. Nawa ba cika kaɗai ya yi ba, har zaƙi gare shi."